Yadda Duniya Ta Haddace Sunan Tartsatsi

Babban Injiniyan Wuta da Hayaƙi, Shugaban Sashen Siddabarun Majigi, Mai Rushe Gada Daga Kan Kujera, wanda ma'aikatansa ke kira Tartsatsi idan ya ba da baya, ya shigo ofis ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ɗauke da labarin da ya ce zai girgiza duniya. Ita duniya ta saba. Sau shida yana girgiza ta, kowane karo takan kakkaɓe rigarta ta ci gaba da harkokinta.

Wajibi ne a yi wa bawan Allahn nan adalci, domin irinsa ba su da yawa, wannan kuwa rahama ce. Shi ne ke ƙera duk wata wuta da fashewa da ake gani a jerin finafinan faɗa na kamfaninsu. A kashi na ɗaya ya tarwatsa mota guda, 'yan kallo suka tafa. Nan take ya gane sirrin fasaha baki ɗaya: in mota ɗaya ta jawo tafi, arba'in za su jawo suma. A kashi na biyu ya tarwatsa arba'in. A na uku ya rushe gada. A na huɗu ya mayar da gadar, don ya sake rushe ta da jirgin ruwa da ya faɗo daga sama. Babu wanda ya bayyana abin da ya kai jirgin ruwa sama, saboda marubucin labarin ya ajiye aiki tun a kashi na uku, ba a kuwa lura da rashinsa ba sai a na biyar. A nan ne jarumin fim ya mutu cikin dutse mai aman wuta. A na shida ya dawo da ƙoshin lafiya, har da sabon aski. Da wani ɗan jarida ya nemi dalili, Tartsatsi ya ce mai neman dalili ya tafi kotu, silima wurin wuta ce.

Masarautarsa wani dogon ɗaki ne da aka lulluɓe da koren ƙyalle, bango da ƙasa da rufi. A nan ake ɗaukar 'yan wasa suna tsalle a kan babu, suna gudun babu, suna kuka saboda babu. Daga baya kwamfuta ta goge duk abin da yake kore, ta sa teku ko birni ko wuta a gurbinsa.

Amma kowane babba da abin da ke cin ransa. Fim shida, sunan Tartsatsi bai taɓa fitowa ba sai a can ƙarshe, cikin haruffa ƙanana kamar jerin tururuwa, a ƙarƙashin sunan direba, lokacin an riga an kunna fitilu, ba kowa a zauren sai mai shara. Sau ɗaya matarsa ta daure ta zauna don ta gani. Atishawa ta kama ta, kafin ta buɗe ido sunan ya wuce.

To, labarin ranar Talatar shi ne wannan. A kashi na bakwai jarumi zai kara da dodo mai kai bakwai, kowane kai da irin wutar da yake fesawa. Mai Kamfani kuma, mace mai magana ɗaya, ta amince a sa sunan Tartsatsi a farkon fim, shi kaɗai a allo, bisa sharaɗin dodon ya kammala kafin ranar nunin farko, kwana arba'in masu zuwa. In bai kammala ba, ta ce, ya tattara kofin shayinsa da takardun yabon da ya buga wa kansa, ya bar mata ofis. Tartsatsi ya ji rabin farko na maganar sarai. Rabi na biyu ya ɗauke shi a matsayin barkwanci.

Kafin a ƙera dodo, sai an sami wanda zai tsaya a madadinsa, don jarumi ya san inda zai kalla da inda zai kai sara. Aikin ya faɗa kan kafintan kamfanin, dattijo mai ciwon gwiwa, wanda ya rasa abin yi tun da Tartsatsi ya soke katako a harkar fim. Kafintan nan yayan matar Tartsatsi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gida, Tartsatsi sai ya rusuna yake gaishe shi. A wurin aiki kuwa ya sa aka ɗinka masa matsattsiyar riga kore tun daga ka har tafin ƙafa, wadda ta bayyana tumbinsa yadda ko likitansa bai taɓa gani ba. Aka danƙa masa doguwar sanda mai rassa bakwai. An kafa ƙwallo a kan rassa shida, da ƙwallaye suka ƙare aka kafa tsohon takalmi a na bakwai.

Dattijon ya dubi kansa a madubi. Sa'an nan ya tambaya, cikin sanyin murya, ko akwai yiwuwar surukansa, dangin matarsa, su gan shi a haka.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka," in ji Tartsatsi. "A wannan sana'a kai babu ne. Na goge tsaunuka, na goge birane da mutanen cikinsu. Kai nawa kake? Ko inuwarka ba za ta kai ga allo ba."

Aka ɗauki faɗan cikin kwana biyu. An umarci kafinta ya yi ruri, ya ce shi bai iya ba, kuma bai ga dalilin koyo da furfura ba. Duk sanda jarumi ya kawo sara, sai ya ja da baya yana roƙonsa ya bi a hankali. Da aka zo wurin mutuwar dodo, sai ya cire tabaransa ya naɗe, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya kwanta sannu a hankali kamar mai gwada sabuwar katifa. Tartsatsi ya ce duk ba komai, za a goge muryar a sa tsawa.

A ƙuryar ofis akwai wani ɗaki mai sanyi, inda babbar na'urar kamfanin take. Ma'aikata suna kiranta Tukunya, domin kowane hoton siddabaru sai ya kwana a cikinta yana dahuwa, kuma aiki ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Mai haɗa hoto, mace mai shekara ashirin a sana'ar, wadda ba ta ɓarnar kalma, ta duba ta ce dodon zai ci kwana talatin da uku a kan wuta. Saura kwana talatin da takwas. Hankali ya ce a ɗora dodo yanzu. Tartsatsi ya ɗora sunansa, ya ce ai kwana biyu ne kawai.

Da sunan ya fito, sai ya ga wutar da ke ci a jikin haruffan ta yi fari da yawa, kamar ta kyandir. Aka mayar. Da ya sake fitowa, sai ya ga suna ba muƙami kamar kai ne ba hula, aka ƙara muƙamansa uku, aka mayar. Sai ya ga bai dace haruffa su bayyana haka kawai kamar na kowa ba. Kowane harafi zai faɗo daga sama, ya tarwatse, ya sake haɗuwa, jirgi mai saukar ungulu ya ratsa ta tsakiyarsa. Aka mayar. A karo na biyar aka tarar an bar wa kalmar Hayaƙi ƙa marar lanƙwasa, kuma wannan gyaran kaɗai ne ba za a zarge shi a kansa ba.

Mai haɗa hoto ta tuna masa sau uku cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A karo na uku ya tara ma'aikata ya yi musu jawabi.

"Dodo kowa na iya yi. Ku ba ɗan shekara biyar fensir, zai zana muku dodo. Amma suna, jama'a, sau ɗaya ake rubuta shi a tarihi. Shekara ɗari nan gaba masana za su tsayar da fim ɗin nan a minti na farko, su cire hula. Ba wanda zai cire hula don ƙadangare mai kai bakwai."

Ma'aikata suka ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, domin gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma ba aikin ƙaramin ma'aikaci ba ne ya sanar da shi.

Saura kwana tara aka ɗora dodo. Rana ba ta ƙarya. Da safiyar ranar nuni, Tukunya ta kammala faratan ƙafar hagu da rabin wutsiya. Tartsatsi ya ce a rufe wurin da hayaƙi. Mai haɗa hoto ta ce hayaƙin ma sai ya shiga Tukunya. Sai fuskar Tartsatsi ta washe irin ta wanda ilimi ya sauko masa.

"A bar shi yadda aka ɗauka," ya ce. "Idon da ya kalli sunana minti goma sha ɗaya yana ci da wuta, ba zai ƙara bambance kafinta da dodo ba. Wannan kimiyya ce."

Ga Mai Kamfani kuwa ya aika cewa komai ya kammala, cikin wani sabon salo.

Da yamma zauren silima ya cika maƙil. Tartsatsi na layin gaba cikin kwat mai sheƙi, matarsa a gefensa. Kafinta na can baya tare da surukansa, waɗanda ya gayyato da zuciya ɗaya don su ga dodon da ya taimaka aka yi. Fitilu suka mutu, harafin farko ya faɗo daga sama. Jama'a suka tafa. A harafi na goma tafin ya ragu. A minti na huɗu wasu suka fara karantawa da ƙarfi, baki ɗaya, kamar 'yan aji. Wani ya fita ya sayo ruwa ya dawo, ya tarar ana kan muƙami na biyu. Wata tsohuwa ta tambayi 'yarta ko fim ɗin ke nan, su tashi. Tartsatsi bai ji ko ɗaya ba, hawayen farin ciki ya cika masa ido.

Sai fim ya kama hanya, motoci suka tashi, gadar nan ta sake faɗuwa. Can jarumi ya zare takobi, kiɗa ya yi sama, ya juya don fuskantar halakar duniya. Allo ya koma kore. A tsakiyarsa ga wani dattijo mai tumbi cikin matsattsiyar riga, tabarau a kan hancinsa, yana riƙe da sanda mai ƙwallo shida da takalmi ɗaya.

Zauren ya yi tsit. Cikin wannan shirun muryar dattijon ta fito tangaran daga kowace lasifika.

"A hankali, ɗan nan. Gwiwar ce."

Dariyar da ta ɓarke ta fi duk wata fashewa ta fim shida ƙara. Amma ba ta daɗe ba. Da jarumi ya ci gaba da kai sara, tsohon yana ja da baya yana ɗingishi, sai zauren ya juya gaba ɗaya ya koma bayan dodo. Aka shiga yi wa jarumi Allah wadai, wani ya ce ba shi da tarbiyya, wata ta tambayi ko ba shi da uba a gida. Da dattijon ya cire tabaransa, ya naɗe, ya dafa ƙasa ya kwanta, mutane suka yi ta sharar hawaye, abin da motoci arba'in ba su taɓa samu ba.

Matar Tartsatsi ba ta yi dariya ba, ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube shi.

"Yaya ne wancan," ta ce. "Kai ka sa masa wannan kayan?"

Ya fara bayanin kimiyya. Ta ɗauki jakarta ta koma layin baya, wurin ɗan'uwanta.

Da aka kunna fitilu, jama'a suka gane dattijon, suka yi masa caa, kowa na son ya gaisa da shi, yana ta ba surukansa haƙuri. Wani mai babbar murya ya tambayi wane marar kunya ne ya wulaƙanta tsoho haka. Ba a buƙaci bincike ba. Zauren gaba ɗaya ya amsa da sunan, da muƙamai ukun a jere, ba tuntuɓe ko a harafi ɗaya. Minti goma sha ɗaya ba wasa ba ne. Abin nema ya samu.

Mai Kamfani ta sami Tartsatsi a bakin ƙofa. Ta ce kashi na takwas labarin dattijon ne, a gidan katako na gaske, wanda shi da kansa zai ƙera. Shi kuma Tartsatsi, tana son makullin ofis kafin ranar Juma'a.

Washegari da hantsi ya je tattara kayansa. Ya leƙa ɗaki mai sanyi, ya tarar Tukunya na ta aikinta, ba wanda ya gaya mata an gama. Mai haɗa hoto ta ce in an bar ta, nan da kwana ashirin da uku dodon zai fito cikakke, ko ba komai a san cewa ya iya. Tartsatsi ya tsaya ya yi nazari, ya ga cewa mutum irinsa bai kamata ya tafi da takardar sallama ta tawada kamar akawu ba. Ya sauke dodon, ya ɗora saƙon bankwanansa ga ma'aikata, cikin haruffan wuta. Ya ce kwana biyu ne kawai.

Dodon yana nan cikin na'urar, da ƙafa ɗaya, da wutsiya, ba kai ko guda cikin bakwai ɗin, yana jiran layi.