Akuyar Inna Hajo da Ƙafafun Piyanona

Ko sunana zan manta, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kaɗa wa kumandan taken ƙasa. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a zaune nake sai na miƙe na ɗan zagaya tsakar gida kafin zuciyata ta kwanta.

A shekarar babban farin nan ne, zamanin soja, ina sabon malami a wata 'yar lakwal, wato makarantar boko, da ke wani ƙauye kusa da Korgom. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kullum da safe idan ina kiran suna, sai in ji an amsa mini daga baya, “Mushe, sun tahi Najeriya.” Mushe, haka ake kiran malamin lakwal a can. Daraktanmu, wato shugaban lakwal ɗin, wani dattijo mai haƙuri da ake ce wa Mushe Haru, ya rubuta takarda har hannunsa ya gaji yana roƙon a buɗe mana kantin, wato a riƙa dafa wa yara abincin rana a lakwal. In babu wannan, kowa ya san kafin bazara sai dai mu koyar da ƙadangaru. Ana haka sai ga saƙo daga Tasawa, wai kumandan, sojan da ke mulkin yankinmu, zai zo da kansa ranar Laraba ya gani da idonsa.

To, ni ina da piyano. Yayana direban kaminyo, wato babbar motar kaya, ne ya kawo mini shi daga Kano, ɗan dogo haka, mai cin pil shida, wato batir, da wasu maɓallai a gefe waɗanda in ka taɓa sai ganga ta kama kaɗa kanta. Da yatsa biyu nake bugawa, kuma waƙa uku kacal na iya (ɗaya ma rabi), amma a garin da ba a taɓa ganin irinsa ba, ji nake duk ƙasar babu makaɗi kamata. Na je na sami darakta na ce ya bar mini taken ƙasa, zan kaɗa yara su rera, in kumandan ya ji ko buhu nawa muka roƙa zai ba mu.

Ya dube ni ya ce, “Mushe, soja ne hwa. Ba su son wasa wurin tuta.”

Na ce, “Mushe darakta, kwantar da hankalinka.”

Sai da na fito na tuna ba ni da abin ɗora shi. A gida kan cinya nake sa shi, ga shi ba a kaɗa taken ƙasa a zaune. Tebur ɗaya ne a lakwal ɗin, na darakta, shi kuma gaban kumandan za a ajiye shi. Ajinmu rumfar zana ce, yara a ƙasa suke zama.

Inna Hajo, tsohuwar da nake zaune a gidanta, wadda ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, ta gan ni ina kai da komo tsakar gida ina magana ni kaɗai. Da na gaya mata damuwata sai ta ce, “Ɗana, kihe turmina ka aza bisa. Wanga turmi ko raƙumi ya hau shi bai motsi.” Na yi dariya irin ta mai takarda. Turmi! Gaban kumandan! Maƙerin garin ma ya ce zai haɗa mini ƙafafu da ƙarfen tsohuwar amalanke, ya nuna mini ƙarfen, na ga baƙi ne mai tsatsa, na ce a bari sai na yi shawara. Abin da ke raina daban ne. A jikin kwalin piyanon akwai hoton wani Bature cikin fararen kaya, ya ɗora nasa a kan wasu siraran ƙafafu biyu da suka gitta juna. Ni irin wannan nake so, ko ana ha maza ha mata.

Na zagaye garin ina neman sanduna, babu. A shekarar nan ko iccen girki sai mata sun yi tafiyar rabin yini. Na kasa zama, na kasa cin abinci, ina koyarwa ina zana ƙafafun piyano a gefen allo. Ranar Litinin da hantsi na leƙo gida, sai idona ya faɗa kan damin karan gero da ke saman rumfar Inna.

A nan ne zan faɗi abin da ban cika faɗa ba. Na san amfanin karan nan. Inna tana da jar akuya guda ɗaya, ita ta rage mata bayan sauran sun mutu, kuma daga wannan damin take zaro 'yan tsiraru safe da yamma ta sassara mata. Na sani sarai. Amma na ce wa kaina ai aro ne, ranar Laraba da yamma zan mayar. Tana tafiya rijiya na sauke damin, na bi ta bayan gari da shi zuwa lakwal. Na raba yawancinsa huɗu, na ɗaɗɗaure da igiyar kaba, na gitta biyu nan biyu can, na shimfiɗa wasu a sama kamar gadon kara. Na lulluɓe da zanen gadona har ƙasa. Da na ja da baya na duba, wallahi sai da na yaba wa kaina.

Da na koma gida na tarar da Inna tsaye ƙarƙashin rumfa tana salati, akuya na kuka a turke. Ta ce, “Mushe, ka ga abin da anka yi min? Kara! Har kara aka sata yanzu!” Ni kuma, Allah ya yafe mini, na riƙe baki na ce, “Inna, mutane ba su da tsoron Allah.” (Har kai na girgiza.)

Ranar Laraba gari ya yi abin da muka saba yi wa baƙo, wato ɓoye masa halin da muke ciki. Darakta ya sa kowane yaro ya sa kayan Sallah. Iyaye mata suka shafe ƙafafun yara da ɗan man da ya rage, don kada a ga kirci. Maigari ya sa aka bi gida gida aka tara gero, aka dama fura mai kyau cikin sabuwar ƙwarya. Tun hantsi muke jere a fili har aka yi azahar aka komo, babu mota babu ƙurarta. Ni kam ban tsaya wuri ɗaya ba. In kunna piyano in ji ko yana nan, in kashe don kada pil ya ƙare, in cire pil ɗin in shanya a rana, in tuna mota na iya zuwa yanzu in mayar da gudu. Na yi haka ya fi sau goma.

Gab da la'asar suka iso. Kumandan gajere ne, da baƙin tabarau, ba ya murmushi. Ya bi layin yara yana duban ƙafafu masu sheƙi, ya dubi ƙwaryar fura, ya juya wurin darakta ya ce, “An ce min kuna yunwa. Ni dai ban ga yunwa nan ba.” A raina na ce, yanzu kam komai ya rage gare ni.

Wani soja ya daka tsawa, “Gardabu!” Kowa ya ƙame. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba: idan ana ɗaga tuta, ko kan jaki kake sai ka sauka ka sandare, kuma ko ƙuda ya shiga hancinka ba ka isa ka kore shi ba. Na tsaya bayan piyanona, jama'a na gabana, na fara.

Layin farko ya tafi lafiya. A na biyu na lura idanun yara sun firfito, duk wajena suke kallo. Na saci kallon maigari, shi ma haka. Har sojan da ke jan igiyar tuta yana satar kallona ta wutsiyar ido. Na ce a raina, ai dama na faɗa. Na ɗaga haɓa, na ƙara yatsa na uku, har na ɗan lumshe ido kamar Baturen kwali. Na ji piyanon yana ɗan rawa, na ce hannuna ne. Na ji wani ƙurus ƙurus daga ƙasa, na ce pil ne ya fara sanyi.

Sai gefen hagu ya fara sauka. Na karkata na bi shi. Ya ƙara sauka, na tokare da gwiwa ina ci gaba da bugawa a karkace. Daga nan sai ji na yi ɓarak, komai ya zube. Piyano ya faɗi kan yashi, na bi shi da hannu, tafina ya sauka kan maɓallan gefe. Nan take ganga ta ɓarke da kiɗan rawa, da iyakar ƙarfinta, tuta kuwa tana tsakiyar sanda. Daga ƙarƙashin zanen gadona sai ga jar akuyar Inna ta fito, guntun igiyar turke a wuyanta, kara cike da bakinta. Ashe tun layin farko kowa yana ganinta ta kutsa kai tana cin igiyar kaba, babu mai ikon cewa kai.

Na durƙusa ina lalube in kashe, na taɓa wani maɓalli, kiɗan ya ƙara sauri. Da ƙyar na kife shi na zazzage pil ɗin a ƙasa. Yara suka ƙarasa taken su kaɗai, ni ina durƙushe gefen akuya.

Da tuta ta kai sama, kumandan ya tako zuwa wajena. Na riga na gama ganin kaina a wata lakwal can cikin hamada, in ma ba gidan kaso ba. Amma ko kallona bai yi ba. Akuyar ya tsaya yana kallo, haƙarƙarinta duk a waje. Wani soja ya buga mata ƙafa a ƙasa don ta gudu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ya ce, “Akuyar wa ce?”

Inna Hajo ta fito daga cikin mata. “Tawa ce, ranka shi daɗe. Kwana biyu ba ta ci komi ba sai tsumma, tun da anka sace min karanta.” Tana faɗa tana duban abin da ke zube a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauki kara ɗaya, ta juya shi, ta dubi zanen gadon da ita take wanke mini, sannan ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, “Ashe kai ne, ɗana?”

Da kumandan ya sa an zane ni a filin nan, da ya fi mini sauƙi.

Ya cire tabarau ya ce wa darakta, “Garin da malamin lakwal ke satar kara? Ku kai ni rumbuna.” Ya leƙa na maigari, ya leƙa wasu da ya zaɓa da kansa, duk ya tarar da su wayam. Furar ma bai sha ba, ya ce a raba wa yara. Kafin ya shiga mota ya nuna ni da yatsa ya ce wa maigari, “Wannan shi zai ci da akuyar nan har ruwa ya sauka.”

Bayan 'yan makonni kaminyo ya kawo buhunan kantin, wasu daga cikin yaran da suka tafi ma suka dawo. Babu wanda ya ce mini na gode, kuma daidai ne, don ba ni na yi aikin ba. Ni dai kullum bayan la'asar ina daji da buhu da doguwar gora ina kakkaɓo 'ya'yan gawo, masu wucewa kan amalanke suna ce mini, “Mushe, a gai da akuya.” Inna kuwa ba ta sake ta da maganar ba ko sau ɗaya. Duk ranar da aka samu aka tuƙa, sai na tarar da kwanona a rufe bakin ɗaki, kuma ban taɓa buɗe shi ban ji kunya ta kama ni ba.

Har yanzu ina ɗan taɓa piyano a bikin 'yan uwa, kuma ƙafafunsa na ƙarfe ne masu nauyi, ba su da kyan gani ko kaɗan. Abin da na koya dai shi ne, duk ranar da na ga jama'a sun zuba mini ido baki sake, ba na ɗaga haɓa. Ƙasa nake fara dubawa.