Ranar da Na Bi Kwanukan Suna Gida-Gida

Shekaranjiya na yi abin da ko kakana bai taɓa yi ba: na bi gida-gida ina karɓo abincin da na raba. An raɗa wa ɗiyata suna Husna, maiɗakina Altine ta sa aka yi shinkafa da miya ja wur, aka kai wa maƙwabta kwano-kwano. Fitar kwanon ƙarshe ke da wuya, rediyo ya ce kamfanin tumatirin gwangwanin nan mai arha ya janye kayansa, wai sun gurɓace. Na dubi gwangwanayen da ke juji, suka dube ni.

Tsoro ya kama ni, kar sunan Husna ya ƙare a gadon likita. Na ɗare kabu-kabu da babbar riga, muka bi Konni lungu-lungu ina ta "a dakata da ci!"

Na tarar da maƙwabcina Malam Muttaƙa hannu cikin miya.

"Inusa, mi as same ka? Ina aka taɓa biyo sawun kwano?"

"Malam, kamfani ne ya janye."

"To kamfanin shi taho da kainai. Ni na ci rabi."

Da la'asar dattawan unguwa suka yanke mini hukunci: na kunyata zumunci, sai in sake walima, da rago. Ni da na sayi gwangwanin an ci ni tara. Kamfanin da ya ɗura shi kuwa ya ce "a yi haƙuri" a rediyo, magana ta ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Iyayenmu na gwamnati masu duba abinci, Allah ya ja zamaninsu, sun ce ba a cin kamfani tara, kar ya yi fushi. Kun ji tausayi. Har kwamiti suka kafa, da sabuwar mota, don lallashinsa.

Kwano ɗaya ne ya gagare ni, na gidan babban masu duba abincin nan, ranka ya daɗe, da ke unguwarmu. Maigadi ya ce ba a ganinsa sai da takarda daga buro, wato ofishinsa. Kwanon ya dawo a wanke, da godiya.

Yau kwana biyu bai leƙa buro ba. An ce taron gaggawa yake ta yi, buta a hannu, kuma daga bayan ƙyaure an ji yana cewa lallai a ci kamfanin nan tara. Allah ya ba shi lafiya, amma bayan ya sa hannu.