Gaisuwar Sarkin Noma a Shafi na Biyu

"…lafiya lau, bawana. Ya shanu? An sha nonon safe ko sai na saya maka?"

Hannuna ya tsaya a kan kwamfuta. Makona uku da dawowa daga karatu a waje, ban taɓa jin ƙaramar ma'aikaciya ta kira shugabanta bawa ba. Sai masinja ya raɗa mini cewa Kaltume Babarbariya ce, Malam Yahya Bafillace, abokan wasa ne.

Ƙarfe sha ɗaya za mu haska wa manoman Rigachikun bayanin noman rani a majigi. Kaltume da Malam Yahya kowannensu ya gyara nasa kwafin, aka ba ni in haɗa a ofishinmu na Malali.

"Ɗauki nawa," in ji Malam Yahya. "Na rubuta masa 'na ƙarshe'."

"Nawa 'na ƙarshen ƙarshe' ne," in ji Kaltume. "Naka shafi huɗu duk gaisuwar manya. Taron noma ne ko bikin sharo?"

"Ke kuma kin share gaisuwar kaf! Mutanen da suka fi girmama turaren wuta a kan dattijo, me suka sani?"

Na jera kwafin biyu gefe da gefe. Alƙaluman Kaltume na bana ne, na Malam Yahya na bara. Na buɗe shafinsa na biyu, sai ga hoton wani dattijo, an rubuta: Sarkin Noma Ila, Allah ya ja zamaninka.

Kaltume ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yahya, wane zamanin? Ila ya rasu tun azumi!"

"Ya me?"

"Ya rasu! Ɗansa aka naɗa, shi zai zauna a kujerar gaba yau!"

Malam Yahya ya cire hula, ya mayar. "Kwamfutar ce ta…"

"Kwamfutar ce ta kwafo aikin bara? Kana can makiyayar Ladduga kana kirga ƙaho aka yi jana'iza. Da saniya ce ta mutu, da ka yi zaman makoki kwana arba'in."

"Ki rufa mini asiri, 'yar bayi. Goge shi!" Ya juyo gare ni. "Goge, goge!"

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji ta. "Kar ka goge. Cire 'ya ja zamaninka', rubuta 'Allah ya jiƙan Sarkin Noma Ila'. Mu buɗe taro da yi masa addu'a, sannan sunan ɗansa, sannan alƙalumana. Gaisuwarka shafi ɗaya ta isa."

Na gyara, na haɗa. Ya fito shafi goma sha biyu. Malam Yahya ya daɗe yana kallon hoton.

"Ai dama abin da na nufa ke nan," ya ce. "Abin da babba ya hango…"

"Babba ya hango mamaci yana mulki? To mayar da nasa, a haska haka."

"A'a, a'a!" Ya riƙe hannuna, ya fashe da dariya har da hawaye. "Na bi, uwar ɗakina. Yau ɗaya ni ne bawan. In mun sauka Rigachikun, ƙwaryar fura da nono taki ce."

"Biyu," in ji Kaltume, ta ɗauki mayafinta. "Kuma kai za ka dama."