Gwaggo Ta Rasu, Kada A Taɓa Wayar Bayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a jiƙe, Maigidan kamfanin tayoyi yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Gwaggo, babbar kwamfutar da ta riƙe ofis tun yana da gashi a ka.

Marigayiyar mai kamun kai ce. Baƙin allo da koren rubutu, ba ta taɓa yin kwalliya ba, ba ta taɓa leƙa intanet ba. Da safe takan ce "ƙirrr, ƙit, ƙit," ta yi shiru, sai Maigida ya zo ya ɗan mare ta a kuncin hagu sannan ta farka. Wasu sun gwada marin, ta yi musu yaji har la'asar.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da babbar 'yar Maigida, Manaja, ta shigo da injiniyoyi masu siraran wanduna. Suka duba Gwaggo, suka ce yaren da take ji masu jinsa duk sun yi ritaya. Suka ɗora sabuwar manhaja mai fara'a. Manaja ta durƙusa cikin ladabi ta shaida wa Baba cewa ranar da aka fitar da gawar, shi ma zai koma gida ya huta. Maigida ya san wannan hutun: kujera a ƙofar gida, da jikoki suna ja masa gemu.

Ta rasu ta bar firinta mai ƙara kamar injin niƙa, da akawu guda wanda yatsunsa ke neman maɓallanta har yanzu, da magajiyarta sabuwar manhaja. Ita kuwa magajiyar, an gano ba ta san adadin tayoyin da ke sito ba sai ta bi ta wata waya da ke jone a bayan marigayiyar ta tambaye ta kowace safiya. Injiniyoyi sun ce gyaran wannan sai a mataki na gaba. Maigida bai yi dariya ba, tari ne ya sarƙe shi.

Za a ajiye gawar a kusurwarta, kusa da kujerar Maigida, a jone da lantarki. Masu ta'aziyya su shigo a hankali, kuma kada kowa ya taɓa wayar bayanta. Wanda ya ji "ƙirrr, ƙit, ƙit" kada ya firgita. Ba a sa ranar binnewa ba tukuna. Maigida zai ci gaba da zuwa kullum da safe, domin a samu mai marin mamaciya.