Majinar Icce Ta Tashi a Karakkai

Kun taɓa ganin abin da ba shi da ƙafa ko ɗaya yana tafiya? Ni na gani, ranar da na raka ƙawata Nafisa Karakkai. Tana digiri na biyu a Gusau kan wata halitta rawaya mai yauƙi da ke fitowa a ruɓaɓɓen icce. A jikinta akwai mayosin, irin furotin ɗin da ke motsa tsokar mutum, Nafisa kuwa so take ta tsamo sinadaran da ke kunna shi su kashe shi. Mai rai take buƙata. Ƙauyuka bakwai muka taka a Tsafe ba mu samu ba, damina kuma saura mako biyu. In ta wuce, Nafisa ta yi asarar shekara. Sai ga wayar taubashinta Zaharaddeen, manomi a Karakkai: ya samo. Muna isa ya tare ta da gaisuwa.

"...lafiya lau, baiwata. Likitar majina, an iso?"

"Bawa ba ya gaisuwa a tsaye. Ina kayana?"

Ya kwance tsumma. Ɓawon icce uku, busassu ƙayau.

"Innalillahi! Mi ka yi mata?"

"Shanya ta na yi a inuwar rumbu, kwana huɗu. Kuɓewa ma haka muke mata kada ta lalace."

"Miya na ce maka zan kaɗa? Ka kashe mini shekara!"

"Shekara goma sha takwas kina boko, kin ƙare a majinar icce. Wa ya kashe wa wani shekara?"

Ta jiƙa takarda ta shimfiɗa a kwano ko halittar za ta farfaɗo, ta ɗora ɓawon, ta zuba ƙwayar alkamar turawa biyar, ta rufe da faifai. Sau tara na leƙa. Bayan la'asar Zaharaddeen ya ɗaga faifan, ya yi tsalle baya.

"A'uzubillahi! Ta sauko! Nafisa, ta nufi abincin!"

Na auna, yatsa biyu cif.

Nafisa ta ce, "Mayosin ke nan. Irinsa ne ya ɗaga ƙafarka yanzu. 'Yar'uwarka ce."

"Ni na tsira daga danginku! Amma shanyata ce ta adana ta, ki sa sunana a littafin digirin."

"Zan sa: wanda majina ta kora."

Ya yi dariya har ya dafa rumbu, ya kawo ƙwan zabi goma sha biyu.

"Ungo, na sallama. Ki dai fitar mini da ita daga gida."

Damina mai zuwa ku ɗaga ruɓaɓɓen kututture, in kun ga rawayar ku ajiye mata ƙwaya kusa, ku auna da yatsa.