Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, akwatin wifin Ɗan Baba mai goro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda da abin da ido ya gani ba, iyalan Malam Ɗan Baba mai goro na bakin tashar Madarunfa suke sanar da ƴan uwa da abokan arziki, na gari da na ƙauye, har da waɗanda suka daɗe suna shan wifinsa ta bayan katanga ba sallama, rasuwar akwatinsu na intanet, wanda jama'a suka fi sani da Mai Ƙaho Biyu. Ya cika ranar Laraba bayan la'asar, yana tsakiyar aiki, a gaban shaidu masu yawa, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai tsawon tafasar shayi ba.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa, wadda babu wanda ya iya karanta sunanta a jikin kwali. A Maraɗi Ɗan Baba ya gan shi, ya ɗauko shi a babur ɗin kabu-kabu, ya rungume shi a ƙirji tun daga can har gida, huhun goronsa kuwa yana ɗaure a baya yana shan rana. Duk wanda ya san Ɗan Baba da goro ya san wannan ba ƙaramar ƙauna ba ce.

Tunda ranar faɗin gaskiya ce, dole a faɗe ta. Kafin zuwan marigayin, ƙofar gidan Ɗan Baba ba ta tara mutane. Ba don mugun hali ba, mutum ne mai sakin hannu, ba ka wuce faifansa bai ɓara maka goro ba. Labari ne da shi mai tsawon tsiya. In ya ɗauko zancen yadda ya tsallaka iyaka da huhu biyu shekarar da gulbi ya cika, sai kowa ya tuna ya bar akuya a sake. Shekara da shekaru yana shimfiɗa tabarma da la'asar, ya ɗora shayi, ya sha na farko da na biyu da na uku shi kaɗai, har matarsa Zulai ta leƙo ta ce ya naɗe tabarmar nan kafin awaki su cinye ta. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba.

Mai Ƙaho Biyu ne ya share masa wannan hawaye. Ba a yi mako da kafa shi a tagar zaure ba sai ga fada ta haɗu a ƙofar gidan: direbobin tasha, malaman boko na lakkwal, masu awon hatsi, har da wani tsoho daga Safo da ke ɗaure amalanken jakinsa ya zauna don ya ji muryar ɗansa da ke ci-rani. Aka ƙaro tabarma, aka sayo butar shayi babba. Ɗan Baba ya samu masu sauraro. Yana ba da labarin gulbi, kawuna na sunkuye a kan salula, lokaci lokaci wani ya ce Allah sarki, ko da wurin da aka kai a labarin wurin dariya ne. Ɗan Baba ba wawa ba ne, ya san kan da ke sunkuye ba shi yake saurare ba. Amma dai kai ne, kuma a ƙofarsa yake.

Marigayin ya yi rayuwa ta haƙuri da hidima. Bai taɓa bambanta talaka da mai hali ba, salular da fuskarta ta tsage da wadda aka ɓare daga leda jiya duk ɗaya suke a wurinsa. Ya ɗauki wa'azi, ya ɗauki kokowa, ya ɗauki saƙon murya na mata masu gaisuwar minti goma kafin su zo ga magana, bai taɓa cewa ya gaji ba. Mai riƙe sirri ne, domin lambarsa ta sirri duk garin an san ta, amma ba daga bakinsa aka ji ba. Ba shi da yawan magana. In an kunna shi ya ce ƙit, sai ya buɗe idanunsa huɗu masu kore ɗaya bayan ɗaya. In mutane sun yi masa yawa, akan ji wani siririn ziii daga wajen wutsiyarsa, iyakar ƙorafinsa ke nan.

A tsawon rayuwarsa ya yi aiki da kamfani uku, kuma saboda mutunta ranar ba za a kama sunan kowa ba, sai dai sunan da fada ta raɗa musu. Na farko shi ne Sannu-Sannu. Forfensa, wato kuɗin datarsa na wata, da araha, yana kai wata cif, sai dai hoto yakan buɗe daga sama ne a hankali, har ka gama gaisawa da hula kafin ka san mai ita. Na biyu Ci-Ka-Tashi, mai gudu kamar an koro shi, amma kafin wata ya raba ya lashe forfe ya lashe kwano, ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa a sake. Na uku Na Tsallake, ɗan ƙetaren iyaka, wanda ya fi duka sauƙin kuɗi in naira ta kwanta. Shi kuma ba ya kamawa sai an rataye marigayin a reshen bedi na kudu, wato dogon yaron ƙofar gida, ƙaho ɗaya a miƙe ɗaya a karkace, kuma da iska ta juya sai ya koma garinsu ba sallama.

Ɗan Baba ya zama gwani a wannan fanni, aƙalla a ganinsa. Yana ajiye pus ɗinsu uku, wato ƴan katunan layi na kamfanonin, a gwangwanin man zafi, yana canza su yadda yake canza goro a faifai: fari don baƙi, ja don ƴan gida, daushe don ƙarshen wata. Ya san wanda ya fi gudu da safe, ya san wanda ke suma ranar kasuwa in mutane sun cika gari. Labarin gulbi ya samu ƙane, wato labarin wane kamfani ya fi wane, kuma ƙanen ya fi wan tsawo.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga bazara. Da zafi ya tsananta, jikin marigayin ya riƙa ɗaukar zafi kamar kaskon tuya, gudunsa ya ragu, ko da wane pus aka sa masa. Ɗan Baba ya taɓa shi, ya ce ai wannan ciwon ya san shi. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, raya abin da zafi ke son kashewa. Ya yanko algarara, irin buhun da yake lulluɓe goro da shi, ya jiƙa, ya matse, ya naɗe marigayin ya bar ƙahonin a waje, ya riƙa yayyafa masa ruwa da yatsu safe da rana, daidai lokacin da yake yayyafa wa goro. Abin takaicin shi ne maganin ya yi aiki. Jiki ya yi sanyi, gudu ya dawo, fada ta yi ta jinjina. Alhassan mai gyaran salula ne kaɗai ya ce ruwa da kayan wuta ba sa shiri, a yi hattara. Ɗan Baba ya tambaye shi huhu nawa ya taɓa fitarwa daga bazara da rai, Alhassan ya ce ko ɗaya, aka rufe zancen.

Ana cikin haka sai Usman mai butik, wato kanti, wanda ƙofarsa ke kallon ta Ɗan Baba, abokinsa tun suna kamun kifi a tabki ba wando, ya sayo nasa akwatin. Fari ne, sumul, ba ƙaho ko ɗaya. Aka fara raɗe-raɗin cewa ya fi gudu. Ɗan Baba ya lura mutum biyu sun koma bakin tabarma ta wajen titi, washegari ya ga ɗaya ya je sayen sukari bai dawo ba. Ya tuna shayin da ya sha shi kaɗai, ya ji ba zai iya komawa can ba. Shi da bakinsa ya nemi a yi gasa: salula biyu iri ɗaya, a sauko da bidiyon kokowa guda, Alhassan ya yi alƙalanci. Ƴan fada suka ce sun yarda, kuma inda aka fi gudu, can za a riƙa dafa shayi. Da wasa suka faɗa, amma Ɗan Baba bai ji shi da wasa ba.

Ranar Laraba ya sa wa marigayin Ci-Ka-Tashi, sabon forfe, ya sake masa sabuwar algarara. Ya yayyafa da safe, ya yayyafa da azahar, ya ƙara na la'asar wanda ba ya cikin ƙa'ida. Aka taru a tsakiyar titi, Alhassan ya riƙe salula a kowane hannu, ya danna tare. Da farko kai da kai suke tafiya. Can sai saukowar bidiyon ta wifin Usman ta fara zarcewa, ƴan fada suka fara gyaran murya. Ɗan Baba ya ruga tagar zaure, ya taɓa marigayin, ya ji da ɗumi. Ya kalli yatsunsa, ya ga yayyafi ba zai isa ba. Ya ɗauki moɗa, ya kamfato daga randa.

Zulai na tsaye a bakin zaure, ta ce, "Malam, wanga ba goro ba ne hwa."

Ya ce, "Bari ki gani, ƙishirwa ce yaka ji."

Ya juye moɗar duka. Marigayin ya ce tsss. Ya ce ƙit, amma ba irin ƙit ɗin da aka saba ba. Idanunsa huɗu suka koma ja, suka ƙyafta tare, suka rufe. Wani ɗan wari ya tashi. Ɗan Baba yana rantsuwa har yau cewa kafin cikawar, na ɗan wani lokaci, marigayin ya sha gaban na Usman. Alƙali ya ce bai gani ba, amma saboda halin da ake ciki ba zai musa ba.

An yi iya ƙoƙari. Alhassan ya ba da shawara a binne shi cikin shinkafa ta tsotse ruwan. Zulai ta ce shinkafarta ba ta jinya ba ce, in ana so ga gero nan. Ya kwana cikin gero, aka fito da shi yana ƙamshin fura, bai motsa ba. Alhassan ya kwance shi, ya leƙa ciki, ya mayar da murfin a hankali, ya cire hularsa.

Marigayin ya rasu ya bar sharjer ɗaya, wato wayar caji, mai cikakkiyar lafiya, da pus uku marayu a gwangwani, da algarara wadda tuni ta koma bakin aikinta na asali. Ya bar forfen wata da ko rabi ba a sha ba, yana nan yana ƙarewa shi kaɗai. Ya bar maƙwabta na bayan katanga, waɗanda ba za su iya zuwa gaisuwa ba tare da sun tona kansu ba, iyalai sun ce an yafe, su zo. Ya bar Zulai, wadda ta rasa finafinanta, ta kuma sanar cewa babu zancen sabon akwati sai an gyara rufin ɗaki kafin damina, an kuma ga abin da kaka ta kawo. Sai Ɗan Baba, wanda shi ne ya fi kowa rashi, kuma shi ne ya riƙe moɗar.

Iyalai suna miƙa godiya ta musamman ga Usman mai butik, wanda shi ya fara tsallako titi yin ta'aziyya. Ya zauna, ya ce, "Ɗan Baba, wallahi ban sayi nawa don in kwashe maka mutane ba. Na kashe shi. Ba ni kunnawa sai an share makoki." Ɗan Baba ya yi godiya, har idonsa ya kawo ruwa. Sai bayan Usman ya tafi, tabarma ta cika maƙil, ya gane ɗaya fuskar wannan alheri: jama'ar nan da ke zaune gabansa babu inda za su je. Jiya ya ba su labarin gulbi daga farko har ƙarshe, kawuna a ɗage, wani ma ya yi tambaya. Ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, kuma bai san ko na aro ne ba.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce a bar wasa da abin da ba na wasa ba, don haka babu salla. Za a kakkaɓe wa marigayin gero, a mayar da shi cikin kwalin da ya zo da shi, a kai shi makwancinsa ƙarƙashin gadon Ɗan Baba, kusa da tsohuwar rediyo, yau bayan azahar. Ba a buƙatar masu ɗauka, hannu ɗaya ya isa.

Zaman makoki na kwana uku ne, a ƙofar gidan Ɗan Baba, daga la'asar zuwa magariba. Akwai shayi, akwai goro, fari da ja. Masu zuwa daga garuruwan Gabi da Sarkin Yamma su sani babu wifi a unguwar, kowa ya bar salularsa a aljihu.

Ranar Lahadi Usman zai kunna nasa. Zulai ta tambaya ko a naɗe tabarmun a mayar wa masu su tun daren Asabar. Ɗan Baba ya ce a bar su, a shimfiɗa duka kamar kullum, a ɗora babbar butar. Duk wanda ya zo ranar, Ɗan Baba kaɗai zai tarar, ba wifi, kuma yana nan zaune tun la'asar.