A Matso da Raga

Ranar da maigidana Malam ya rasu, tun kafin a dawo daga maƙabarta, Alhaji Yusha'u ya aiko mana da bencinan kulob ɗin ƙwallon unguwa, don masu zaman makoki. Allah ya saka masa. Kowane benci da sunansa a jiki da jan fenti, har baƙin da suka zo daga Zariya suka yi ta roƙa wa Alhaji Yusha'u rahama.

Ai unguwarmu ta Malali ba ta taɓa yin mutum irinsa ba. Yana ajiye aikin gwamnati ya zama shugaban kulob, Uban Fili, Garkuwan Matasa. Samari kuwa a bayan idonsa Ciyaman Ba-Gumi suke ce masa, don babu wanda ya taɓa ganin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo. Filin yana jikin katangata, komai a kunnena ake yi.

Samarin nan burinsu ɗaya ne: a buga wasan ƙarshe na kofin unguwanni a filinsu, iyayensu su gani. Alhaji ya ce ya ɗauki nauyi.

Da farko ya gina rumfar manyan baƙi. Wuri bai isa ba, ya ce, "A matso da raga." Aka matso. Sai ya ga motarsa tana shan rana, aka yi mata tata rumfar. A matso da raga. Sannan dandamalin jawabi, da allon da ke ɗauke da hotonsa ya rungume kofin da aka aro daga wata makaranta.

Ashiru, kyaftin ɗinsu, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, filin fa yana ƙanƙancewa."

"Kai Ashiru! Ni da na shekara talatin ina sa hannu a fayil za ka koya wa tsari? Ƙwallo ai ba gudu ba ne, martaba ce. Ƙaramin fili ma ya fi, ba ku gaji ba kun iso."

Ranar da masu shirya gasa suka zo duba wuri, Alhaji ya sha babbar riga, ya hau dandamali, ya yi jawabi tun bayan la'asar har rana ta yi ja. Da ya sauka, babbansu ya ce a ɗan taɓa ƙwallo su gani. Gola ya ɗaga ta daga ragarsa, ta tsallake ɗaya ragar, ta faɗo cikin tukunyar miyata.

Mutumin ya juyo ya ce, "Alhaji, wurin taro ya yi kyau. Ina filin yake?"

Garin neman gira an rasa ido. Aka kai wasan unguwar Abakpa, samari suka bi ƙwallonsu can, har yau ba su dawo ba.

Yanzu kullum da yamma Alhaji yana zaune a rumfar manyan baƙi, usur rataye a wuya, awakin maƙwabta suna kiwo a gabansa, babu mai musa masa.

Ni dai ina jin nauyin abin a raina, don addu'ar da ya sa na yi masa ce ta karɓu. Lokacin da su Ashiru suka fara ƙorafi, ya tsaya a ƙofar gidana ya yi sallama, ya ce, "Hajiya Bara'atu, ke mai yawan ibada ce. Ki sa ni a addu'a, duk mai ja da ni a filin nan, Allah ya raba ni da shi."